Ɗigon Dalma a Murfin Tanki

An gano abin da ke ƙame sitiyarin lodar Malam Zailani, kuma ba giya ba ce. Ɗigon dalma ne da bai fi ƙwayar dawa ba, a kan murfin tankin mai. An gano shi wata ranar Alhamis da hantsi, cikin watan Satumba na 1958, a ramin burji da ke bayan Samaru, a gaban leburori da direbobin tifa. Amma Jatau, direban da aka kora da sunan maye, bai koma aiki ba, kuma ekklisiyarsu ta Muchia ba ta ɗage masa horo ba.

Malam Zailani ɗan kwangila ne, Bazazzagi daga cikin birni. Kafin ya shiga kwangila ya daɗe yana sayar da kananzir da man gyaɗa a kasuwar Sabon Gari, inda aka san shi da cewa garwarsa ba ta yoyo. Da gine-gine suka kankama a Samaru ya samu aikin kai burji, ya sayo tsohuwar loda, motar ɗibar ƙasa mai bokiti a gaba, daga wani kamfanin kuza da ya rufe a ƙasar Jos. A jirgin ƙasa ta zo, ba littafi, ba kayan gyara. Abin da ta fi sauran motoci da shi shi ne mai ke juya sitiyarinta. Famfo ɗaya ne yake jan mai daga tanki ɗaya, ya ɗaga bokitin gaba, ya kuma taimaki hannun direba. Idan tana lafiya, da yatsa biyu ake karya kwana da ita.

Jatau ɗan wani ƙauyen Maguzawa ne a arewa da Zariya. Tuƙin tarakta ya fara koya, daga nan ya hau loda. A gidansu ba a rasa tukunyar giya a kan murhu, amma tun da ya karɓi baftisma ya bar sha. Ranar makokin mahaifinsa an miƙa masa ƙoƙo a gaban dangi ya ƙi karɓa, kuma daga ranar yayyensa ba su sake taka ƙofarsa ba. Wannan shi ne abin da mutanen ekklisiya suka sani game da shi, shi ma da shi yake tafiya kansa a ɗage.

Matsalar ta fara ne a tsakiyar damina. Jatau ya gaya wa maigidansa cewa sitiyari yana taurara idan bokiti ya cika ya tashi sama, kuma famfo yana wani kuka kamar an take wutsiyar kare. Da safe lafiya lau, sai an ɗan jima ana aiki. Malam Zailani ya sa aka kai motar garejin Oluwole a Unguwar Gabas, makaniken da kowa ke kira Baba Remi. A shagon gyaran jirgin ƙasa ya koyi aiki, kuma a Sabon Gari ba wanda ya kai shi sanin injin da ke aiki da mai.

A zuwan farko ya tarar bel ɗin famfo ya saki, ya ɗaure shi. A na biyu ya canza wani tiyo da ya fara tsagewa, ya wanke rariyar tanki da kananzir, ya fitar da iska daga layin. A na uku ya kwance famfon gaba ɗaya, ya shimfiɗa kayan cikinsa a kan buhu, ya kwance bawul ɗin sitiyari, ya duba kowane ƙarfe a hasken rana, bai ga komai ba. Kowane zuwa kuwa da gwaji yake ƙarewa, kuma gwajinsa iri ɗaya ne. Sai ya cire murfin tanki ya jefa a aljihu, ya sa a ta da inji, ya sa ido cikin tankin yana kallon mai ko zai yi kumfa, ana ɗaga bokiti ana juya sitiyari hagu da dama. Man bai taɓa kumfa ba, sitiyarin bai taɓa ƙamewa ba. Ya mayar da murfi, ya goge hannu, ya ce wa Malam Zailani motarsa ta fi wasu sababbi lafiya.

Bayan zuwa na uku da kwana kaɗan, Jatau ya ɗebo burji, ya ɗaga bokiti zai zuba a tifa, ya zo karya kwana sitiyari ya tsaya cak. Ya taka birki, ƙasa jiƙaƙƙiya ce, motar ta zame ta daki katangar rumfar ajiye siminti. Katangar ta faɗi, ta danne ƙafar Cindo, heluman leburori, ta karya masa ƙashi a idon sawu. Da Jatau ya diro ya rungume shi zai janye shi, Cindo ya ji warin burkutu a rigarsa, kuma ya faɗa da ƙarfi.

Malam Zailani ya iso a keke. Ya saurari Cindo, ya sunsuna rigar da kansa, ya hau motar da aka kashe aka sauke mata bokiti, ya sa aka ta da ita, ya juya sitiyari da hannu ɗaya. A nan take, a gaban kowa, ya ce ya ɗauko ɗan Maguzawa ya ba shi amanar dukiyarsa, ashe hali yana nan, coci riga ce kawai. Ya karɓi mabuɗi. Da Malam Bernard, dattijon ekklisiyar su Jatau, ya je gidansa don jin gaskiyar magana, ya maimaita masa, ya ƙara da cewa makanike ya duba motar sau uku bai ga aibu ba. Ranar Lahadi aka karanta sunan Jatau a gaban jama'a. An dakatar da shi daga jibin Ubangiji, an mai da shi bencin baya.

Warin kuwa gaskiya ne. Ɗakin da Jatau da matarsa Dorkas suke haya a Muchia yana cikin gidan wata mata mai dafa burkutu, kuma igiyar shanya ɗaya ce a tsakar gidan, daidai saman tukwanen. Dorkas ta je wurin Malam Bernard ta miƙa masa gefen mayafinta ta ce ya sunsuna, idan wari ne shaida to ya karanta sunanta ita ma, da na 'yarsu Albarka da ko yaye ba a yi mata ba. Malam Bernard ya ja da baya. Ya ce ba wari kaɗai ba ne, akwai katanga, akwai ƙafa, akwai maganar makanike. Idan mai motar ya zo ya janye maganarsa da bakinsa, dattawa za su sake zama.

Jatau ya je garejin Oluwole ya same shi a ƙarƙashin wata lori. Bai yi sallama ba.

"Baba Remi, kai ka ce lafiyarta lau?"

Oluwole ya turo kai waje. "Na ce. In ka kawo ta gobe zan sake cewa."

"Da bakinka aka yanka ni."

"Ni ban ce ka sha ba. Mota aka tambaye ni. Kuma ka ga ni, kowace Asabar ina sha, ban taɓa rushe wa kowa katanga ba."

Masu jiran gyara suka yi dariya. Jatau ya ɗauki sifana daga ƙasa, dariyar ta tsaya. Ya dube ta a hannunsa, ya ajiye a kan mudigadin lorin a hankali. Ya tambayi Oluwole ko ya taɓa ganin motar tana aiki a rami, da kaya na gaske, ko a tsakar gareji kaɗai ya san ta? Oluwole ya ce inji inji ne, bai san Samaru ba, bai san Sabon Gari ba. Jatau ya fita. An ce Oluwole ya daɗe a kwance ƙarƙashin lorin ba a ji ƙarar ƙarfe ba.

Malam Zailani ya ɗauko wani direba daga Kaduna. Mutumin ya yi aikin safiya ɗaya, ya sauko ya ce zai je ya ci abinci, bai dawo ba. Mai sayar da tuwo a bakin ramin ce ta gaya wa Dorkas abin da ya faɗa kafin ya hau motar komawa: shi yana da 'ya'ya, ba zai mutu a kan motar da ke riƙe wa mutum hannu ba. Malam Zailani ya hana a yi maganar. Amma tifofi suna tsaye, Baturen da ke kula da aikin gine-ginen yana aiko masa mutum safe da yamma, dole ya koma Unguwar Gabas.

Oluwole ya ce zai duba, amma ba a gareji ba, a rami. Kuma Jatau ne zai hau. Malam Zailani ya ce mashayi ba zai sake taɓa motarsa ba. Oluwole ya ce to ya nemi wani makaniken, akwai su da yawa a Kano. Suka yi ta ja har masu shago na kusa suka fito kallo. A ƙarshe Malam Zailani ya ce a zo da shi, amma kowa ya sani ba aiki aka mai da shi ba.

Da aka aika wa Jatau ya ce ba ya zuwa. Dorkas ce ta ɗauko masa riga, wadda ta shanya a bayan gida a kan dangar maƙwabta, ta ajiye a gabansa.

"Baban Albarka, ba don Malam Zailani za ka je ba. Ka tashi."

Ranar Alhamis ɗin ramin ya cika. Leburori sun jingina cebur, direbobin tifa sun hau kan motocinsu, Cindo ma an kawo shi a kan jaki, ƙafarsa a ɗaure da kara irin ɗorin gida. Jatau bai gai da Malam Zailani ba, Malam Zailani bai dube shi ba. Oluwole ya zagaya motar, ya taɓa bel, ya matsa tiyo, ya kai hannu kan murfin tanki kamar yadda ya saba. Jatau ya ce daga kan kujera ya bar shi, shi idan yana aiki ba ya cire komai, a gan ta yadda take yini. Oluwole ya yi tsaki ya janye hannu.

Ɗiba ta farko ta tafi lafiya. Ta biyu ma haka. Malam Zailani ya fara juyawa yana kallon mutane yana buɗe tafin hannu. Jatau ya ci gaba, yana cika bokiti yana ɗagawa yana saukewa. Can famfo ya fara kuka. Bokitin ya yi ta hawa da ƙyar yana rawa, ya tsaya a sama. Jatau ya kama sitiyari da hannu biyu, ya miƙe tsaye ya danna da dukan nauyinsa, jijiyoyin wuyansa suka fito, tayoyin ba su motsa ba.

"Maigida, zo ka juya. Ko kai ma ka sha?"

Malam Zailani bai zo ba. Ya ce nauyin burji ne a kan tayoyi, kowace mota haka take. Wani direban tifa ya ce daga sama ai ɗibar farko ma burji ce, ba auduga ba.

Oluwole ya shiga ƙarƙashin hannun bokitin, inda ba mai hankalin da zai tsaya, kaya cike a saman kansa. Ya ɗora tafinsa a kan famfo, ya janye da sauri don zafi. Ya kama babban tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya ji ya shafe kamar hanjin da aka tsotse. Wannan tiyon shi ya saka shi sabo da hannunsa. Ya tsaya yana kallonsa, sa'an nan ya kai hannu kan murfin don ya ga ko man ya ƙare. Murfin ya ƙi juyawa. Ya naɗe shi da tsumma ya murɗa da ƙarfi, sai ya saki, aka ji tankin ya zuƙi iska da ƙara, gefensa ya yi ƙwas kamar garwar da aka taka ta miƙe. Kukan famfo ya mutu. Jatau da ke danne da sitiyari ya kusa faɗowa, don ya juye masa a hannu gaba ɗaya.

Oluwole ya sa aka sauke bokitin, ya mayar da murfin ya ɗaure tam, ya ce a sake ɗagawa. Bayan ɗagawa kaɗan sitiyari ya ƙame. Ya cire murfi, sitiyarin ya saki. Ya sake yi, haka. Sai ya fito fili da murfin a hannu, ya juya shi a rana, ya ciro wuƙar aljihu ya kankare jan fentin da ke samansa. A tsakiya wani ɗigo ya fito fari fat yana ƙyalli.

Ya ɗaga shi sama ya tambaya wane ɗan banza ne ya toshe wa mota hanci.

Malam Zailani ya ce ya iya bakinsa. Shi ne, kuma motarsa ce. Ya ce tun farkon damina yake ganin mai yana tsartuwa ta wannan hujin kowace safiya, yana bin jikin tanki yana ɗiga a ƙasa, man da daga Ikko ake kawo shi. Ya cire murfin ya kai wa mai dalman da ya saba liƙe masa garwa a kasuwa, aka liƙe, aka shafa fenti, yoyo ya tsaya. Ya ce ya yi shekaru yana sayar da mai, bai taɓa ganin mazubin mai da aka bar wa huji da gangan ba, sai in ɓarawo ne ya huda.

Oluwole ya ce wannan ba garwa ba ce. Idan bokiti ya tashi, rabin man tankin yana fita ya shiga hannuwansa, dole iska ta shigo ta maye gurbinsa. In ba hanya, tankin ya riƙe sauran man, famfo ya tsotsi banza, sitiyari ya mutu. Fatar da ke cikin murfin tana barin iska ta fita idan bokiti ya sauka, amma idan tanki ya ja sai ta manne, shi ya sa abin ke ƙaruwa da kowace ɗiba. Ya yi bayanin da ihu, rabi da Hausa rabi da Turancin kasuwa, yana nuna Malam Zailani da murfin.

Malam Zailani ya bari ya gama. Sa'an nan ya tambaye shi a ina murfin yake duk sau ukun da ya duba motar. Wani lebura da ya taɓa raka motar gareji ya ce a aljihunsa. Malam Zailani ya ce to ga gwani, ya riƙe cutar a aljihu yana neman ta a cikin famfo. Oluwole ya ce haka aka koya masa, haka kuma ake yi ko'ina a duniya, don ba a taɓa jin wanda ya kai murfin inji wurin mai liƙin garwa ba. Ya ce kuma huji ba ya tsartar da mai haka kawai. Ya juya ga Jatau ya tambaye shi yadda yake ƙara mai.

Jatau ya ce yana ɗaga bokiti ya tokare shi da gungume, don idan yana ƙasa hannunsa yana tare bakin tankin, garwa ba ta shiga. Sai ya cika har wuya.

Oluwole ya dafe kai. Ya ce ya cika tanki alhali rabin man yana sama, in ya sauke bokiti ina man zai je in ba ta hujin ba.

Nan Malam Zailani ya sami abin kamawa. Ya juya ga jama'a ya ce sun ji da kunnensu, daga direba ɓarnar ta fara. Da bai cika mai ba da ba a ga yoyo ba, da ba a ga yoyo ba da ba a je wurin mai dalma ba.

Jatau ya kashe inji ya sauko. Ya tsaya a gabansa kusa ƙwarai, har wani ya matso don raba su, amma hannuwansa suna baya.

"Na cika mai. Na yarda, a gaban kowa. Ba wanda ya nuna mini, amma ni na cika. Yanzu kai ka faɗi naka."

"Na faɗa. Na liƙe huji."

"Ba wannan ba. Ka ce ban sha giya ba."

"Ni ina tare da kai da safen? Abin da hancina ya ji na faɗa."

"Ka ce coci riga ce."

"Mutum cikin fushi yana faɗin magana."

"To ka je ka gaya wa Malam Bernard fushi ne."

Malam Zailani ya ce shi ɗan gidan malamai ne, ba zai je ya tsaya gaban dattawan coci ana yi masa tambayoyi kamar wanda ya saci akuya ba. Me za a ce a cikin birni? Ya ce magana ta wuce, an gane mota ce, kowa a nan ya gani, labari zai kai Muchia kafin azahar ba sai ya taka ba. Ya ce Jatau ya hau ya ci gaba da aiki, tifofi suna jira.

Jatau ya juya ga Cindo a kan jakinsa ya tambaye shi abin da ya gani. Cindo ya ce ya ga sitiyari ya ƙame ya kuma ga ya saki, ba zai musa ba. Amma warin da ya ji ranar ya ji shi, kuma ƙafarsa ce a ɗaure ba ta wani ba. In an tambaye shi, duka biyun zai faɗa.

Duk wannan Oluwole yana tsaye da murfin yana huci, ba wanda ke kula shi. Ya sunkuya ya tsinci ƙusa a cikin tarkacen katangar da ta faɗi, ya ɗora murfin a kan taya, ya kafa ƙusar a kan ɗigon, ya buga da dutse. Dalmar ta fice ta faɗa cikin jar laka. Ya busa hujin, ya leƙa rana ta cikinsa, ya ɗaura murfin a tanki, ya ce ga motarsu nan, kada wanda ya sake kiransa.

Jatau ya dubi murfin, ya dubi lakar da mutane suka tattake.

"Baba Remi, me zan nuna musu yanzu?"

Oluwole ya dubi inda dalmar ta faɗi. Ya durƙusa ya tona lakar da yatsa, leburori biyu suka taya shi. Ba a samu ba. Abin da ya rage shi ne murfi mai huji da ɗan kankararren fenti, kamar murfin kowace loda.

Malam Zailani ya ce to shi ke nan, Allah ya rufa asiri, a koma aiki. Ya ce zai ƙara wa Jatau wani abu a kan abin da yake ba shi, zai kuma ɗauki nauyin ɗorin Cindo. Jatau ya cire mabuɗin daga jikin motar, ya ajiye a kan kujera. Ya ce ranar da aka kore shi a gaban mutanen nan aka kira shi mashayi, kuma a gaban wasu mutanen aka karanta sunansa. Ba zai zauna a kujerar gaba a nan ba alhali yana bencin baya a can. Ya kama hanyar Sabon Gari da ƙafa. Wani direban tifa ya bi shi ya ce ya hau ya rage masa hanya, ya ƙi.

Da yamma Oluwole ya sa riga mai tsabta ya je gidan Malam Bernard a Muchia ba tare da an aike shi ba. Ya yi masa bayanin tanki da iska, har ya ɗauki butar gidan ya toshe bakinta da yatsa ya nuna yadda ruwa ke ƙin fita. Malam Bernard ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya gode, amma shi ne mutumin da ya ce sau uku motar lafiyarta lau, yau kuma ya ce sau ukun ba lafiya, kuma dukan Sabon Gari ta san inda yake yini ranar Asabar. Dattawa za su ji shi, amma ba a kan maganarsa za su ɗage horo ba. Wanda ya ɗora maganar shi zai sauke ta. Ya ce ba sai Malam Zailani ya shiga coci ba, in ya zo ƙofar gidan nan ya faɗa a gaban mutum biyu ya isa. Oluwole ya fito yana zagi da Yarbanci har bakin titi.

Washegari Dorkas ta je shagon Malam Zailani na kasuwa da Albarka a baya, ta tsaya a ƙofa ba ta shiga ba. Ta isar masa da saƙon Malam Bernard: ƙofar gida kawai, mutum biyu. Ta ce masa ita ba roƙo ta zo ba, hanya ta zo nuna masa, don ta ji an ce bai san Muchia ba sai ranar karɓar kuɗin hayar ɗakunansa da ke can. Malam Zailani yana auna wa wata mata kananzir, bai ɗago ba. Ya ce ya ji.

Lodar tana aiki yanzu. Wani ƙanen direban tifa ne ke kanta, ba gwani ba ne, amma sitiyarin bai sake ƙamewa ba, kuma an ce Malam Zailani da kansa yake tsayawa a sauke bokiti kafin a ƙara mai. Jatau yana dako a tashar jirgi. Yayyensa sun aiko daga ƙauye cewa sun ji labari, in ya dawo hanya ƙoƙonsa yana nan.

Dattawan ekklisiyar za su zauna ranar Lahadi bayan sujada. Oluwole ya ce zai je ko ba a kira shi ba. Cindo ya ce in an kawo jaki zai je. Malam Zailani bai ce zai je ba, bai kuma ce ba zai je ba.